Neman Walƙiya a Gidan Direba

Da Direba ya san abin da ke cikin jakar Sista a safiyar Talatar nan, da ya ce cikinsa na ciwo, ya koma gida ya kwanta. Amma bai sani ba. Ya wanke mota, ya duba mai da ruwa, ya goge gilashi, har da fito yana yi, kamar mutumin da duniya ta gama yi wa adalci.

Wata biyu ke nan da aka dawo da shi asibitin bincike. Da can kwalaye yake ɗauka daga sito zuwa ofis, ba ruwansa da kowa. Yanzu aikinsa ya ajiye mota a bakin ƙofar asibitin tun ƙarfe takwas, ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa, sai an ce ya tashi. Binciken na ƙanjamau ne, amma ba na masu ita ba. Wannan shi ne abin da aka kwana uku ana cusa wa ma'aikata a kai a ɗakin taro, da majigi da biskit: masu lafiya ake ɗauka, 'yan shekara goma sha takwas zuwa talatin da biyar, waɗanda aka ga rayuwarsu tana raɓe da cutar. A ba su ƙwaya su riƙa sha don kariya, su dawo duk wata a ɗebi jininsu a duba. Direba ya fahimci wannan sarai. Unguwa ce dai ba ta halarci taron ba, don haka ita a wurinta duk wanda aka ga ya shiga ginin nan, to, sai dai addu'a.

Maganin wannan, a ganin manya, shi ne sirri. Kuma sun yi sirrin har ya yi yawa. Sun sa an kankare rubutun jikin mota don kada a gane ta, sai ta zama ita kaɗai ce farar mota mai doguwar eriya da ba ta da rubutu a duk faɗin garin, har masu sayar da ruwa a hanya suna kiranta motar jini. Sun kafa doka cewa ba a ajiye ta a ƙofar gidan kowa, sai an bar layi biyu, wanda hakan ya sa layuka uku suke sanin an zo maimakon ɗaya. Duk wanda ya shiga binciken, lamba ake ba shi. Sunansa na gaskiya yana cikin wata akwatin ƙarfe a saman bene, wadda Direba da mutum uku suka ɗauka suka hau da ita, har yau bayansa yana tuna masa. Sannan kowa yakan zaɓi wani sunan ɓoye da za a kira shi da shi idan an zo nemansa gida. Mutane kuwa da aka ba su dama, ba su yi wa kansu rowa ba. Akwai Janar, akwai Sarauniya, akwai wani da ya ce shi Ba-ruwana, kuma ya cika sunansa, tun zuwan farko ba a sake ganinsa ba.

Shugaban wurin Dakta ne, wani siriri mai gilashi, wanda duk Litinin yake zama gaban kwamfuta ya yi magana da Madam ta ƙasar waje. Idan sabis ya ɗauke, fuskar Madam takan daskare da baki buɗe, sai kowa ya yi ta jira da ladabi. Idan ta dawo, tambayarta ɗaya ce: mutum nawa suka dawo? Waɗanda ba su dawo ba, ana rubuta lambobinsu da ja a farin allon ofis. Nemo su kuwa aikin Sista ne. Ba ma'aikaciyar jinya ba ce, farin takalminta ne ya jawo mata sunan. Daga wani gari aka ɗauko ta musamman don ba ta san kowa ba a nan, wanda shi ne babbar shaidar cancantar mai neman mutane.

A ranar gida uku za su je. Na farko, kwatancen da ke cikin takarda ya kai su wani fili da babu komai cikinsa sai akuya da mataccen firji. Sista ta rubuta ba a samu ba. Na biyu, wata tsohuwa ta rako ta har bakin layi da tsintsiya a hannu. Ta rubuta ba a samu ba. Sai ta zaro takarda ta uku, lamba ɗari huɗu da sha bakwai, ta fara karanto kwatance da ƙarfi, Direba yana murza sitiyari. A bi ta gaban gidan mai, a karya hagu wajen mai faci. Ya karya. A wuce famfon da ba ya kawo ruwa. Ya ce a ransa ai unguwarsu ce, yau zai san wane ɗan maƙwabci ne ke yawon banza, ko da yake ba zai faɗa wa kowa ba, ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Sista ta ci gaba: layin bayan injin niƙa, gida na uku a dama, ƙofa koriya, akwai tsohuwar tayar mota a gindin bango.

Shi ya shafa koren fentin da hannunsa. Tayar ma tasa ce, shekara huɗu ana ce masa ya jefar.

Ya tsaya layi biyu kafin gidan, kamar yadda doka ta ce. Sista ta saka jakarta a kafaɗa, ta ɗauki ledar sabulan da take riƙewa don a ɗauka talla take yi, ta ce kada ya fito daga mota, mutanen irin wannan unguwa akwai sa ido. Ya ce haka ne, ya ji labarinsu.

Ya zauna ya riƙe sitiyari da hannu biyu, mota a kashe. Mutum huɗu ne a gidan. Shi dai ya san ba shi ba ne. Akwai Babba, ɗansa na fari, shekara ashirin da biyar, mai shagon aski a mararraba, wanda yake tashi aiki ƙarfe bakwai amma ƙafarsa ba ta gane hanyar gida sai bayan wani lokaci. Akwai Auta, shekara ashirin da ɗaya, tana aiki a shagon sayar da waya, tana dariya da wayarta fiye da yadda take dariya da mutane. Sai uwar yara. Da tunaninsa ya kai kanta, sai ya tuna iyakar shekarun, ya sauke ajiyar zuciya, karo na farko a rayuwarsa da tsufanta ya yi masa daɗi. Sai kuma ya tuna cewa shekara tara ke nan tana gaya wa duk wanda ya tambaya talatin da biyar gare ta. Ya nemi gafarar Allah, ya cire ta daga lissafi, amma ba da dukan zuciyarsa ba.

Abin da ya fi cin ransa ba wai wane ne ba. Ya san abin da jar lamba take nufi. Zuwa biyu aka tsallake. Wato wani a gidansa, wanda masu ilimi suka zauna da shi suka yi masa tambayoyi shafi goma sha huɗu suka ga ya cancanci kariya, yau wata biyu bai karɓi ƙwaya ba, kuma ba wanda ya duba jininsa.

Sista ta dawo tana share baki. Ta ce matar gidan akwai kirki, har ruwan sanyi ta ba ta, ta kuma sayi sabulu biyu. Amma ta ce ba su da wani Walƙiya a gidan.

"Ta ce maigidan direba ne kamarka, in ya dawo za ta tambaye shi. Amma wai kada in sa rai, don shi ko 'ya'yansa biyu sai ya kira suna uku kafin ya dace."

Direba ya ce irin waɗannan mazan suna da yawa. Ta rubuta ba a samu ba. Ta ƙara da cewa wannan kam ya kusa fita daga hannunsu, domin ranar Alhamis wa'adinsa ke cika, idan bai zo ba za a rufe fayil ɗinsa, ba ƙwaya ba gwaji, Madam kuma za ta buɗe baki ko da sabis bai ɗauke ba.

Da yamma suna cin abinci a tsakar gida, uwar yara ta kawo zancen da kanta, don haka Direba bai karya wata doka ba. Ta ce wata mai tallar sabulu ta zo, da farin takalmi kamar za ta fareti, tana neman wai Walƙiya. Direba ya sunkuyar da kai kan kwano, amma idanunsa suna sama, ɗaya kan Babba, ɗaya kan Auta. Babba ya haɗiye lomarsa ya ce wannan ai sunan ɗan ƙwallo ne, ko kare. Auta ba ta ɗago daga waya ba, ta ce ƙila ɓatan kai ta yi. Ba wanda ya ƙware, ba wanda cokali ya suɓuce wa. Direba ya yi shekara ashirin da biyar yana alfaharin cewa da kallo ɗaya yake gane ƙaryar 'ya'yansa. A ranar ya gane ko dai sun daina ƙarya, ko kuwa sun ƙware.

Uwar yara ta tambaye shi me ya sa ya zuba wa yara ido kamar mai ƙirga su. Ya ce gishiri ne ya yi yawa. Ta ce shekara nawa gishirin nan yake haka bai kashe shi ba.

Washegari ya hau bene wurin Dakta, ya cire hula, ya gaida shi har sau biyu. Ya ce tambaya ce da shi, amma ba tasa ba ce, ta wani abokinsa ce. Idan mutum ya gano wani nasa na jini yana cikin binciken, shin za a iya ɗan taimaka masa a gaya masa ko lafiyarsa ƙalau? Dakta ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya cire gilashi, ya goge, ya yi bayani na kusan rabin awa. Ya ce ko uwar da ta haifi mutum ba za a gaya wa ba. Ya ce ko shi kansa bai san sunan kowa ba, makullin akwatin yana wurin mai shigar da bayanai, ita kuma ba ta san sakamakon kowa ba, mai sakamakon kuma bai san fuskar kowa ba. Ya ce wani kwamiti ya zauna wata takwas kafin ya amince da wannan tsari, kuma Madam ta taɓa nuna shi a wani babban taro, an tafa.

"Ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Ɗan'uwansa yana hannu mai kyau."

"Idan kuma ɗan'uwan ya daina zuwa fa, ranka ya daɗe?"

Dakta ya ce to wannan kuma hannu mai kyau ba ya kaiwa inda ba a zo ba. Ya ce suna nan suna tsara wani sabon bincike a kan dalilin da ya sa mutane ke daina zuwa, da zarar kwamiti ya amince.

Da Direba zai fita, sai ya tsaya gaban farin allo kamar mai gyara igiyar agogo. Karatunsa bai yi nisa ba, amma lamba da kwanan wata ba sa ba shi wahala, aikinsa ne cike littafin mota. A gefen kowace jar lamba an rubuta ranar da aka ga mai ita ta ƙarshe. Ya duba ta ɗari huɗu da sha bakwai. Ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Mako ɗaya ne cif kafin ranar da aka dawo da shi daga sito. Kafin nan kuwa, mai lambar bai taɓa tsallake zuwa ba, wata bakwai a jere.

Ya sauko ya zauna a bencinsa. Daga nan ana ganin ƙofar shiga tas, ko ƙuda ba zai wuce ba a gan shi ba. Yana gaisawa da duk mai shiga, don shi mutum ne mai son jama'a. Sai ya tuna ranar da ya fara wannan aiki, yadda ya koma gida ya baje a kujera yana ba da labari, yana cewa yanzu shi ne idon wurin, babu mai shiga babu mai fita bai gan shi ba, amma bakinsa a ɗinke yake, domin shi ma'aikacin sirri ne. Sau nawa ya maimaita wannan a gaban yara, shi kansa bai sani ba. Manya sun kankare mota, sun kulle akwati, sun ɗauko baƙuwa daga wani gari, sannan suka ɗauki uban mutum suka dasa shi a bakin ƙofa. Binciken da Dakta ke jiran kwamiti ya amince a yi, ga amsarsa nan zaune a benci, tana korar ƙuda da hula.

Kafin a tashi aiki ya je ya gaya wa manajan ofis cewa akwai wata ƙara a giya, tun jiya yake jin ta, ba ya so ya ɗauki ran Sista a kai. Manaja ya fito, aka tayar da mota, ya kasa kunne. Motar tana numfashi lafiya lau kamar jariri mai barci. Direba ya ce ai sai an shiga giya ta uku take yi. Manaja, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya ce ƙwarai shi ma kamar ya ɗan ji. Aka cike takarda uku, aka amince gobe Alhamis mota ta wuni a gareji.

A gida, ya jira sai da kowa ya hallara. Ya ce gobe dai ba zai leƙa asibiti ba ko kaɗan, mota ta lalace. Kowa ya ci gaba da cin abincinsa. Bayan ɗan lokaci ya ce garejin ma can ƙarshen gari yake, tun bakwai zai tafi, ba zai dawo ba sai rana ta faɗi. Ya sha ruwa. Ya ce abin haushi ma shi ne gobe ce ranar da ake rufe fayil ɗin waɗanda suka daina zuwa, ga shi bencinsa zai wuni babu kowa, duk mai shiga ya shiga, babu mai ganinsa.

Uwar yara ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, mun ji. Ko so kake mu raka ka?"

Babba ya yi dariya. Auta ma ta yi, ko da yake ba a san ko da shi take ko da waya ba.

Bakanike tsohon abokinsa ne, mutum ne da bai taɓa mayar da mota ya ce lafiyarta ƙalau ba, don yana ganin hakan rashin mutunci ne ga mai ita. Direba ya ce masa ya duba giya a hankali, kada ya yi sauri. Kafin azahar Bakanike bai sami ƙarar ba, amma ya gano wasu cututtuka uku da motar ba ta san tana da su ba, ya kwance rabin gabanta ya jera a ƙasa. Direba ya zauna kan wani mataccen inji a inuwar bango, yana kallon baƙin mai yana bin ƙasa.

Daga garejin zuwa asibiti minti goma sha biyar ne a babur. Akwai wani shagon sayar da katin waya daura da ƙofar, wanda idan mutum ya tsaya a bayansa zai ga kowa, ba mai ganinsa. Ya san wurin sarai. Wajen ƙarfe goma ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya kai bakin titi, har wani mai babur ya rage gudu. Sai ya yi tunanin idan aka hango hularsa fa? Wanda ya gudu wata biyu saboda benci, idan ya gan shi a laɓe, sai yaushe? Ya ɗaga wa mai babur hannu ya wuce. Wajen sha biyu ya sake miƙewa, ya sake zama. Bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya tambaye shi ko basir ne. Ya ce wani abu ne mai kama da shi.

Ya ɗauko waya zai kira Babba ya ji ko yana shago, ya fasa. Ya nemo lambar Auta, ya fasa. Haka ya wuni, mutumin da bai taɓa barin ƙofar gidansa ba tare da ya tambayi ina za a ba, yana gadin motar da ba ta da ciwo don kada ya ga wanda ya haifa.

Ranar Juma'a da safe ya shiga ofis kai takardar gareji. Bai dubi manaja ba, allo ya duba. An goge ɗari huɗu da sha bakwai, saura ɗan jan tabo inda take. A taron safe Dakta ya sa aka tafa wa Sista, ya ce wannan ya nuna dabarar sabulu tana aiki, za a rubuta wa Madam a ƙaro kwali biyu. Sista ta sunkuyar da kai cikin kunya. Direba ya tafa har tafinsa ya yi zafi, kuma shi kaɗai ne a ɗakin da ya yi da gaske.

A cikin mota, da suka ɗauki hanya, ya ce mata ashe mutumin nata ya dawo, to madalla, an ba shi ƙwayarsa ke nan. Sista tana gyara takardu a cinya ta ce ya dai zo, wannan shi ne abin da ta sani. Ta ce lamba iri biyu ake gogewa. Akwai wanda ya zo, aka duba jini aka ga lafiya, aka ba shi ƙwaya ya tafi sai wani watan. Akwai kuma wanda ya zo, aka duba aka ga cutar ta riga ta shiga, shi kuma sai a cire shi daga binciken a tura shi ɓangaren masu karɓar magani. Duka biyun tsumma ɗaya ake goge su da shi. Ita ba a gaya mata, kuma ba ta tambaya.

Direba ya ce tsari ne mai kyau. Ya sa giya ta uku, mota ta fara wata ƙara da ba ta taɓa yi ba.

Da yamma ya tarar da su duka a gida. Babba yana wanke injin askinsa a bakin rariya da ƙaramin buroshi. Auta tana tsefe wa uwarta kai, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Suka yi masa sannu da zuwa, kowa da muryarsa ta kullum. Ya zauna, aka kawo masa ruwa, ya sha, ya fara tunanin wace cuta zai ƙaga wa mota a watan gobe, ko kuwa ma za a buƙaci hakan.

Ɗaya daga cikinsu ya je asibiti ranar Alhamis. Direba bai san wanne ba, kuma bai san abin da jinin ya nuna ba.